Yadda za ka kalli fim ɗin sulhu bayan yaƙi har ya shige ka

In za ka zauna kallon irin finafinan nan, to ka cire ran ganin jarumi da bos suna gwabzawa, faɗa ya riga ya ƙare, saura masu makoki. Bari in yi misali da fim ɗin Frantz, wanda darakta François Ozon ya fitar a 2016, don shi ne ya fi tsaya min a rai.

Kafin ka kunna ka ɗan san tarihin. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare ne a Nuwamba 1918, Jamus ta rasa sojoji wajen miliyan 2, Faransa wajen miliyan 1.4, labarin kuma a 1919 yake a garin Quedlinburg na Jamus, wato ko hawaye bai bushe ba. In ba ka riƙe wannan ba, ba za ka gane me ya sa tsohon likita, mahaifin Frantz sojan Jamus da aka kashe a yaƙin, ya kori wani saurayi mai suna Adrien daga gidansa ba da jin cewa Bafaranshe ne, shi a wurinsa duk Bafaranshe shi ya kashe masa ɗa.

Sai ka sa ido kan ƙananan abubuwa, don a nan maganar take. Furen da Adrien yake ajiyewa a kabarin Frantz da ko gawa babu a ciki, gogen mamacin da uban ya miƙa masa ya kaɗa, da yadda fim ɗin baƙi da fari ne amma kala takan shigo in zuciya ta ɗan sake. Wallahi wurin gogen nan sai da na tsayar da fim ɗin na fita tsakar gida.

Kuma kar ka ɗauki ɓangare da wuri. Ka jira Anna, wadda Frantz ya yi niyyar aura, ta isa Faransa, ta ga garuruwan da aka ruguza ta tagar jirgin ƙasa, ta zauna shiru ana rera taken Faransa a kanta kamar yadda aka yi wa Adrien waƙar kishin ƙasa a Jamus.

In da hali kar ka kalla kai kaɗai. Daidai inda Adrien ya faɗa wa Anna cewa shi ya harbe Frantz, ita kuma ta ɓoye wa iyayen, ku tsayar, kowa ya faɗi abin da zai yi da shi ne a matsayinta, sannan ku ci gaba.