Yadda ake bin hanyar Hana tare da ɗan jagora

Hanyar Hana tana arewa maso gabashin tsibirin Maui, a jihar Hawai ta Amurka, tana bin gaɓar teku daga Kahului zuwa ƙaramin garin Hana, tafiyar kimanin kilomita 84. An buɗe ta a 1926, kuma tana da kwana wajen 620 da gadoji 59, waɗanda 46 daga cikinsu mota ɗaya tak ke iya hawa a lokaci guda. Saboda haka ko ba a tsaya ko'ina ba, sai an ci fiye da awa biyu kafin a isa. Wanda ke riƙe da sitiyari a irin wannan hanya idonsa na kan kwalta, ba ya ganin teku balle ruwan da ke zubowa daga kan dutse, shi ya sa ya fi wa baƙo ya bar tuƙin ga wanda ya san hanyar.

Kafin ka biya kuɗi, ka tambayi kamfanin da ke shirya yawon mutum nawa motarsu ke ɗauka, domin ƙaramar mota ta fi samun wurin tsayawa, kuma ba a ɓata lokaci wajen jiran mutane su hau su sauka. Ka tambaya ko sun tanadi izinin shiga gandun Waianapanapa, inda bakin teku mai baƙin yashi yake, don baƙi ba sa shiga sai sun yi rajista tun da wuri. Yawon yakan cinye yini ɗungurungum, saboda haka kada ka haɗa shi da wani shiri a ranar.

Zaɓen kujera ya cancanci a yi masa tunani. A hanyar zuwa, teku yana hannun hagu, dutse da rafuka suna hannun dama, a dawowa kuma sai abin ya juya. Mai saurin jin jiri ko tashin zuciya ya nemi kujerar gaba, ya sha magani kafin a tashi, ba sai cikinsa ya fara juyawa ba, ya kuma riƙa kallon nesa maimakon duba waya. Dama sabis yana ɗaukewa a wurare da yawa bayan an wuce garin Paia.

Iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tana karo da gangaren dutsen Haleakala ta zubar da ruwa, abin da ya sa wannan ɓangare yake kore shar duk shekara. Ka ɗauki rigar ruwa mara nauyi da takalmin da ba ya santsi. Babban haɗarin yana cikin rafukan: ana iya tafka ruwa can saman dutse alhali rana na haskawa a ƙasa, sai ambaliya ta sauko babu sallama. Idan ruwan ya fara komawa launin ƙasa, ko ya fara ɗauko ganyaye da itatuwa, a fita nan take. Mai rauni a jiki kada ya shiga ruwan rafi, domin akwai ƙwayar cuta da ke shiga ta wurin. Idan ɗan jagora ya ce yau ba a wanka, to maganar ta ƙare.

A ganina wurin da ya fi dacewa a daɗe shi ne Keanae, wani ɗan fili da ya kutsa cikin teku, inda har yanzu ake noman gwaza a fadamu, igiyar ruwa kuma tana dukan baƙaƙen duwatsun da aman wuta ya bari. Akwai tsohon coci na dutse da ya tsira daga ambaliyar teku ta 1946, wadda ta yi wa ƙauyen mummunar ɓarna. Wurin kallo ne, ba a iyo a nan.

Mutanen yankin da wannan hanya suke zuwa aiki da asibiti, don haka direban kirki yakan ratse ya ba su hanya, ba ya kuma ajiye mota a bakin gada. Kai ma kada ka matsa masa ya tsaya inda aka hana don ɗaukar hoto, kada ka tsallake shinge ka shiga gonar wani, kuma kada ka ɗebi yashi ko dutse ka tafi da shi.

Mai son ganin dajin gora da ruwan Waimoku, wanda ke faɗowa daga tsayin kusan mita 120, sai an wuce Hana zuwa Kipahulu, sannan ya taka kimanin kilomita 6 zuwa da dawowa. Yawon yini ɗaya da wuya ya ba da wannan sarari, sai dai mutum ya kwana a Hana ko ya ɗauki ɗan jagora shi kaɗai. A ƙarshen tafiya kuma, al'ada ce a Amurka a ba direba tukuici, don haka ka riƙe 'yan daloli a hannu.