Kurakuran masu fatsa a gaɓar Kalifoniya game da raguwar kifin surfperch

A gaɓar Tekun Fasifik ta yammacin Amurka, tun daga Kalifoniya har Oregon da Washinton, akwai wani dangin kifi da ake kira surfperch, wanda ke kiwo a daidai inda igiyar ruwa ke fashewa a kan yashi. Masu jefa fatsa daga bakin teku sun daɗe suna kukan cewa kifin ya ragu, amma sau da yawa hukuncin da suke yankewa da kuma yadda suke kamun na ɗauke da kurakuran da za a iya gyarawa.

Kuskure mafi nauyi shi ne ɗaukar wannan kifi kamar sauran kifaye masu zuba ƙwai. Tarwaɗa guda na iya zuba ƙwai dubbai a damina ɗaya, amma macen surfperch ciki take ɗauka na watanni, sannan ta haifi 'ya'ya rayayyu masu cikakkiyar siffa, waɗanda yawanci ba su wuce 'yan gomomi ba. Haihuwar kan faɗo ne daga bayan hunturu zuwa farkon lokacin zafi, kuma a daidai wannan lokaci ne manyan mata ke taruwa kusa da gaɓa da mashigar koguna, inda kama su ke da sauƙi. Wanda ya cika bokiti da su a watan Mayu ya kwashe iyaye da 'ya'ya gaba ɗaya. Gyaran shi ne a dubi cikin kifin kafin a ajiye shi: idan ya kumbura ya yi tauri, mace ce mai ciki, a mayar da ita ruwa nan take. Wasu kan ga uwar ta fara zubar da 'ya'ya a hannunsu saboda firgita, sai su tsince su su jefa cikin ruwa suna ganin sun yi taimako, alhali waɗanda aka haifa kafin lokaci da wuya su rayu. Saurin sakin uwar ya fi wannan amfani.

Daga nan sai yadda ake sakin. Jan kifi a kan busasshen yashi da riƙe shi da tsumma na goge yauƙin da ke kare fatarsa. Ya kamata a jiƙa hannu, a danne ƙayar ƙugiya da filaya tun kafin a fara kamu, idan kuma kifin ya haɗiye ƙugiyar, a yanke zaren maimakon a tona masa maƙogwaro.

Akwai kuma masu ɗaukar iyakar doka a matsayin adadin da dole sai an cika. Kalifoniya ta yarda mutum ya riƙe guda 20 a rana, ba fiye da 10 daga nau'i ɗaya ba, kuma wani nau'in surfperch mai jan wutsiya sai tsawonsa ya kai inci 10.5. A mashigin San Faransisko da na San Pablo ana rufe kamun yawancin nau'o'in daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Yuli, domin a bar mata su haihu. A ganina, wanda gidansa ba zai ci fiye da biyar ba ba shi da dalilin ɗaukar ashirin. Dokokin kan sauya, saboda haka a duba na hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar kowace shekara.

Wani kuskuren na fahimta ne, wato mutum ya wuni bai kama komai ba sai ya ce kifi ya ƙare. Surfperch na yawo ne garke-garke, yana bin kwaruruka da ramukan da igiyar ruwa ke haƙawa a ƙasan yashi, kuma guguwar hunturu guda na iya cike ramin da aka saba samun kifi ta buɗe wani can gaba. Mai hankali yakan zo lokacin da teku ta janye ya gane inda ramukan suke, ya dawo sa'ad da ruwa ke cikowa, idan kuma wuri bai ba da komai ba ya matsa. Da yawa ma suna wurga fatsa can nesa, ta wuce kan kifin da ke kiwo 'yan taku kaɗan daga ƙafafunsu.

Haka nan ɗora laifin a kan abu guda, ko zakunan teku (dabbobin ruwa masu cin kifi) ko masu kamun sayarwa, gajeren tunani ne. Daga 2014 zuwa 2016 ruwan wannan gaɓa ya yi ɗumin da ba a saba gani ba, El Nino (sauyin yanayin da ɗumamar ruwan Fasifik ke kawowa) na 2015 zuwa 2016 kuma ya zaizaye yashin gaɓoɓi da dama. Babban abincin wani nau'in surfperch mai ratsi shi ne 'yar ƙaramar kaguwar nan da ke binne kanta a jiƙaƙƙen yashi, kuma share gaɓa da manyan injuna ko jibge mata sabon yashi na cutar da ƙananan halittun da ke zaune a ciki. A mashigin Morro, ciyawar ruwan da wasu nau'o'in ke fakewa a cikinta ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari a cikin kimanin shekara goma bayan 2007. Tun da nau'o'in sun haura ashirin, kowanne da mazauninsa, halin da mai ratsi ke ciki a kudancin Kalifoniya ba lallai ya zama na mai jan wutsiya a Oregon ba.

Masu haƙar kaguwa domin koto su ma su bar waɗanda ke ɗauke da ƙwai ruwan lemo a ƙarƙashin ciki, su ɗebi iya abin da za su yi amfani da shi a ranar. Idan kuma ma'aikacin ƙidayar kamu ya tsaya da allon awonsa yana tambaya, a ba shi amsa ta gaskiya har da ranar da ba a kama komai ba, domin tun 2004 da irin waɗannan bayanai ne Kalifoniya ke ƙiyasta abin da masu fatsa ke fitarwa daga teku.