Sandar makiyaya ta isa a hau dutsen Sukur

Idan za ku hau Sukur, ƙauyen nan na kan duwatsun Mandara da ke ƙaramar hukumar Madagali, kada ku ɓata kuɗinku a kan sandar ƙarfe ta 'yan yawon buɗe ido. Ku sayi sandar makiyaya a kasuwa, wadda tsawonta ya kai ƙirjinku.

Amfaninta ya fi bayyana a lokacin saukowa. Hanyar shimfiɗe take da duwatsu, kuma idan kuka dasa sandar a ƙasa kafin ku sauke ƙafa, ita za ta ɗauki nauyin da ke danne gwiwa. Ni sai da gwiwata ta kumbura na gane haka.

Da damina kuwa kada ku dogara da ita sosai, domin bakinta yana zamewa a kan jiƙaƙƙen dutse.