Yadda na rabu da bushewar ido a Indiya

Wata biyu ina fama da ido a Haidarabad, inda nake karatu. Da la'asar sai ya kaɗa ya yi ja kamar an watsa min yashi, ga aikin kwamfuta ba ya jira.

Matar da nake haya a gidanta ta jiƙa min triphala, garin 'ya'yan itace uku na Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya: amla, haritaki da bibhitaki. Ya kwana a ruwa, ta tace da ƙyalle, na wanke ido. Raɗaɗi ya ƙaru, ashe garin bai gama tacewa ba. Ruwan wardi kuwa sanyin minti biyar ne kawai.

Likitan ido ne ya gano cewa 'yan ƙofofin maiƙo na bakin fatar idona sun toshe, shi ya sa hawaye ke saurin ƙafewa. Ya hana ni zuba haɗin gida a ido.

Sai na koma gasa ido. Tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, daidai wanda bayan hannu zai jure, in ɗora a rufaffen ido minti 10, safe da dare. Yana saurin hucewa, don haka nake sake tsomawa bayan kowane minti biyu. Daga nan in murza fatar a hankali zuwa wajen gashin ido. Na janye tebur daga ƙarƙashin fanka, na sauke allon kwamfuta ƙasa da saitin ido. Duk minti 20 in kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20.

A sati na uku yashin ya tafi, alhamdulillahi. Mai gidan har yau triphala take yaba wa.