Yadda na magance bororon ƙafa a hanyar masunta ta Fotugal

Hanyar masunta hanya ce ta masu yawo a ƙafa. A kanta, daga garin Porto Covo zuwa garin Vila Nova de Milfontes kusan kilomita 20 ne a gaɓar teku, galibi rairayi mai nutsar da ƙafa. Shi ke shiga takalmi, ya haɗu da gumi, ya gurje dunduniya har ta yi bororo.

Na yanke wuyan tsohuwar safa, na zura shi ya rufe bakin takalmin, aljihun ɗalibi bai yi kuka ba. Duk awa biyu in cire takalmi, in kakkaɓe, in sauya busasshiyar safa. Inda ya fara zafi, a manna filasta tun bai kumbura ba. Basilin kam a bar shi, rairayi yake kamawa. Jaka kuma kada ta wuce kilo 7, ban da ruwa lita 2.