Kafin ka ce moton firinta ya mutu

Jama'a, idan firintar tawada ta tsaya tana nuna matsalar moto, kada ka yi saurin sayen wani. Fara goge siririn zirin robar nan mai kama da leda, wanda ya miƙe a bayan gidan tawada.

Cire filogi tukuna. Buɗe murfi, ka tura gidan tawadar dama da hagu a hankali. Idan ya cije, haska tocila. Sau da yawa guntun takarda ne ya maƙale a lungu.

In hanya a buɗe take, sai zirin. Ka duba shi da kyau, za ka ga ƙananan layuka a jere kamar haƙoran mataji. Su na'urar ke ƙirgawa ta san inda gidan tawada ya kai. Ɗigon tawada ko maiƙo ya rufe wasu, lissafi ya rikice, sai ta ɗora wa moto laifi alhali lafiyarsa ƙalau.

Sami ƙyalle mai laushi, ka ɗan jiƙa da ruwa, ka matse sosai. Riƙe zirin ka goge gaba da baya. Ban da ja da ƙarfi! Ni na taɓa fizge nawa daga ƙugiyarsa, mayarwa sai da na yi gumi. Bari ya bushe kafin ka kunna.

Amma fa idan bel ya tsinke, ko haƙoran giya sun karye, ko kana jin ƙaurin ƙuna, goga ba za ta yi magani ba. Wannan sai mai gyara.