Yadda manajan otal zai rubuta wa baƙo saƙon tabbatar da ɗaki

Fara da gaisuwa, layi ɗaya ya wadatar: "Barka da rana, Hajiya." Kada ka tsaya yabon otal ɗinku, ai ta riga ta zaɓe ku.

Sai ka faɗi abin da ta kama: wane ɗaki, kwana nawa, daga yaushe. Rubuta sunan wata, kamar 4 ga Maris, domin 4/3 na rikita mutane.

Na uku kuɗi, kuma nan ne rigima ke tashi. Rubuta jimillar da za ta biya, ka bayyana ko harajin VAT na kashi 7.5 yana ciki, ko da karin kumallo, da lokacin barin ɗaki. Yana ci mini rai in ga baƙuwa ta sauko da jakarta, sannan a ce mata akwai ƙari.

Daga nan adireshi. Misali a Abuja, unguwar Wuse 2 ce ko Wuse Zone 4? Wadda ta sauka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe da dare ba ta son yawo, don haka ba ta alama ɗaya da direba zai gane.

Karanta saƙon a bayyane, goge duk maimaici, sa lambar wayar da ake ɗauka, ka tura.